Rumbun da Ba a Taɓa Buɗewa Ba

Mai gyaran ya ɗaga faifan ya kara a kunnensa kamar mai sauraron numfashin majinyaci, sannan ya ajiye shi a kan teburin da ya cika da noti da guntayen waya. "Yallaɓai, wannan kam ya riga mu gidan gaskiya," in ji shi. "Ka ji wannan ƙas-ƙas ɗin? Allurar ce take karce shi. Amma dai kana da kwafi, ko?"

Na ce ina da shi, har da ɗan murmushin wanda yake ganin ya fi ƙarfin irin wannan tsautsayi. Shekara uku ke nan ina da wani faifai na daban a gida. Kowace Juma'a da daddare nakan jona shi da kwamfutata, wata manhaja ta kwashi ayyukana ta zuba a cikinsa, in ta kammala ta nuna mini wata 'yar alama koriya. Ban taɓa tsallake mako ba sai in ina kan hanya. Abokan aiki ma sun sha wa'azina a kan haka, wasu har sun gaji da ji.

A daren nan na ari kwamfutar ƙanena na jona faifan. Ga rahotannina tun na farkon shiga aiki, ga hotuna, ga takardun kuɗi, har da wasiƙun neman aikin da ba a amsa mini ba. Abin da na zo nema ne kaɗai babu.

Hira ce guda tara da na naɗa cikin wata huɗu da wani dattijo, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa da ya fara aiki tun kafin a samu mulkin kai. Yakan zauna a kan buzu a zaurensa, ya ce, "Ɗana, kunna abin naka," sannan ya shiga lissafo tashoshi ɗaya bayan ɗaya, da sunayen direbobi, da yadda ake loda buhunan gyaɗa, da abin da ake biyan lebura a ƙarshen wata. Sati biyar bayan zamanmu na ƙarshe Allah ya yi masa rasuwa. Saboda fayilolin murya suna da nauyi kuma kullum ina buɗe su, sai na yi musu jaka ta musamman a fuskar kwamfuta, na sa mata suna "Baba". Ita kuwa manhajar, tun shekara uku baya, abin da na umurce ta shi ne ta riƙa kwafe jakar da ake kira "Aiki". Katin rikodar kuma na goge shi tun tuni domin in sami wurin wani aikin, tunda a ganina komai yana wuri biyu.

Na daɗe ina neman wanda zan ɗora wa laifi, ban samu ba. Manhajar ba ta yi mini ƙarya ba ko sau ɗaya. Duk Juma'ar da ta ce ta gama, ta gama ɗin. Tambayar da alamar take amsawa ita ce ko an kwafe abin da na ce a kwafe. Tambayar da ni nake zaton tana amsawa ita ce ko zan iya maido da abin da ba zan jure rasawa ba. Tsakanin waɗannan tambayoyi biyu ne muryar dattijon ta faɗa.

Bayan zafin ya lafa, sai halin ɗan jarida ya motsa, na shiga bincike ko wautata ce ni kaɗai. Ashe manyan da suka ninka ni sani da kuɗi sun faɗa ramin nan, kuma wanda ya fi koya mini darasi shi ne kamfanin GitLab, inda masu rubuta manhaja daga ko'ina a duniya suke ajiye ayyukansu.

A daren 31 ga Janairun 2017, wani injiniyan kamfanin yana fama da wata matsala: rumbun bayanansu na biyu, wanda ya kamata ya riƙa bin sawun na farko, ya tsaya a baya. Cikin gajiya ya ba da umarnin a share na biyun domin a sake cika shi daga tushe, ashe a kan na farkon yake aiki. Kafin ya farga ya tsayar, daga kusan gigabait 300 abin da ya rage bai wuce huɗu da rabi ba. Wannan kuskuren hannu ne, kowa yana iya yinsa, kuma domin irinsa ne ake ajiye kwafin ko-ta-kwana. Kamfanin yana da hanyoyi biyar na kare bayanansa. Da aka juya gare su a daren, babu ko ɗaya da take aiki yadda aka zata.

Ya kamata mu ɗan tsaya a kan biyu daga cikinsu, domin su ne zuciyar maganar. Hanya ta farko ita ce kwafin da ake ɗauka kowace rana a tura shi wata ma'ajiya ta intanet. Da aka leƙa ma'ajiyar, wayam. Dalili kuwa, rumbun bayanan yana kan PostgreSQL samfurin 9.6, amma kayan aikin da ke ɗaukar kwafin samfurin 9.2 ne, don haka kullum sai ya fara ya faɗi. Kuma ba shiru yake yi ba: duk lokacin da ya faɗi yakan aika saƙon imel na gargaɗi. Sai dai saƙonnin ba su ɗauke da shaidar tantancewar da akwatin karɓa yake buƙata, saboda haka ana mayar da su tun daga ƙofa, babu idon da ya taɓa ganinsu. Hanya ta biyu ita ce hoton faifai da ake ɗauka kai tsaye a ma'ajiyar Azure. An kunna shi ga kwamfutocin da ke riƙe da fayiloli, ba a kunna shi ga masu riƙe da rumbun bayanai ba. Da na karanta wannan sai na ga jakar "Baba" tsirara, an dai ƙara mata girma ne kawai.

Abin da ya cece su shi ne wani kwafi da injiniyan ya ɗauka da hannunsa kimanin awa shida kafin hatsarin, domin wani gwaji na daban. Daga shi aka maido, aikin ya ci kusan awa 18 saboda faifan da kwafin yake kai ba shi da sauri, kuma sun yi shi a bainar jama'a, ana kallo kai tsaye a YouTube. Bayanan awa shidan nan sun tafi ke nan: ayyuka kimanin 5,000, sharhi kimanin 5,000, da sababbin asusu kimanin 700. A rahoton da suka fitar bayan haka sun tambayi kansu me ya sa ba a gwada maido da kwafin a kai a kai, amsar da suka bayar kuma ita ce babu wani mutum guda da aka ɗora wa wannan alhaki. Ina girmama su saboda wannan amsa. Kamfanoni da yawa da sun kori injiniyan, sun rufe maganar.

Duk wanda ya taɓa kwana a unguwar da ke da maigadi na kirki ya san hikimar da GitLab suka rasa. Maigadin ba ya jira sai ɓarawo ya zo kafin a ji ɗuriyarsa. Kowace awa yakan buga ƙarfe ko ya hura usur, ba don wani abu ya faru ba, sai don a san idonsa biyu. Daren da aka wuce ƙarfe biyu ba a ji bugu ba, mai gida mai lura zai tashi ya leƙa. Tsarin da aka gina a kan cewa za a sanar da kai idan an samu matsala yana da rauni guda babba: ranar da mai sanarwar ya mutu, shirunsa da shirun lafiya duk ɗaya ne a kunnenka. Shi ya sa masu kula da manyan na'urori suka juya tsarin. Kowane aikin kwafi, in ya kammala, dole ya aika shaidar kammalawa zuwa wani wuri na daban. In lokacin ya wuce shaidar ba ta iso ba, rashin isowar ne yake tayar da ƙararrawa. Kuma shaidar ba kalmar "an gama" ba ce kawai. Ana duba girman kwafin: rumbun da jiya ya kai gigabait ɗari ba zai dawo 'yan kilobait yau ba sai da dalili. Ana duba shekarunsa: yaushe aka ɗauki kwafi mai kyau na ƙarshe, jiya ko watan jiya?

Amma ko wannan duka ba zai ceci hirarrakina ba, domin aikin kwafina lafiyarsa ƙalau. Matsalata ta wani fanni ce, wato abin da ba ya cikin lissafi tun asali. Manhajar kwafi ba ta san komai ba sai abin da aka gabatar mata. In ta ce ta kare kashi ɗari cikin ɗari, tana nufin ɗari cikin ɗarin abin da ta sani. Maganin wannan ba ya cikin manhajar, yana wajenta: sai an riƙe lissafi biyu da ba su fito daga tushe ɗaya ba. Na farko, duk abin da ake da shi a yau, kowace kwamfuta, kowane rumbun bayanai, kowace waya ta aiki, kowane asusu na intanet. Na biyu, abin da kwafin ya ƙunsa. Sai a ɗora ɗaya a kan ɗaya a ga abin da ya yi saura. Saurar nan ba ta taɓa zama babu na dogon lokaci, saboda aiki yana haihuwa kullum. An sayo sabuwar na'ura, an buɗe sabon sashe, wani ma'aikaci ya ƙirƙiri jaka a inda ya fi masa sauƙi. Sabon abu ne ya fi zama a waje, kuma sau da yawa shi ne ake tsakiyar aiki a kansa.

Akwai kuma abin da ake bari a waje da gangan, bisa wani tunani da yake kama da hankali. A ranar 27 ga Yunin 2017, wata muguwar manhaja da aka sa wa suna NotPetya ta bazu daga ƙasar Yukiren ta hanyar wata manhajar lissafin haraji, ta shiga kamfanin jiragen ruwan dakon kaya na Maersk, ta durƙusar da shi a faɗin duniya. Da aka zo farfaɗowa, an sami kwafin yawancin na'urorin. Abin da aka rasa shi ne kwafin kwamfutocin da ke riƙe da rajistar kamfanin, wato waɗanda suka san wane ne wane da ƙofar da kowa yake da izinin shiga, alhali in babu su sauran ba su da amfani. Suna da irinsu kusan 150 a ƙasashe daban-daban, kowace tana kwafar 'yar'uwarta, don haka aka ɗauka kowace madadin sauran ce. Ba a yi tanadin ranar da za su mutu gaba ɗaya a lokaci guda ba.

Guda ɗaya ta tsira, kuma a nan yankinmu. Ɗan jarida Andy Greenberg ya ruwaito a mujallar Wired a 2018 cewa a wani ofishin kamfanin da ke Gana ne, har aka yi ta miƙa faifan hannu da hannu ta Nijeriya zuwa Ingila saboda matsalar biza. Wasu manyan jami'an kamfanin kuma daga baya sun ce a Legas ne. Inda ruwayoyin biyu suka haɗu shi ne dalilin tsirarta: an ɗauke wuta kafin harin, na'urar ta fita daga layi, cutar ba ta same ta ba. Ban san wani lokaci da ɗaukewar wutarmu ta yi wa duniya irin wannan rana ba. Shugaban hukumar gudanarwar kamfanin na wancan lokaci, Jim Hagemann Snabe, ya faɗa a taron Dabos na 2018 cewa sun sake ɗora manyan kwamfutoci 4,000, da ƙanana 45,000, da manhajoji 2,500 cikin kwana goma, asarar kuma ta kai dala miliyan 250 zuwa 300.

Darasin Maersk ya shafi kowa, har mai waya ɗaya tal. Abu biyu da suke kwaikwayon juna nan take ba su zama kariya ga juna ba, madubi ne kawai. In ka goge fayil a kwamfutarka, jakar intanet da ke bin sawunta za ta goge nata. In cuta ta lalata shi a nan, lalataccen ne zai tafi can. Kwafin ko-ta-kwana na gaskiya dole ya kasance yana baya a lokaci, yana kuma nesa a wuri. Waɗanda suka ajiye bayanansu a cibiyar kamfanin OVHcloud da ke Strasbourg a Faransa sun koyi rabin na biyu a watan Maris na 2021, lokacin da gobara ta cinye gini guda ƙurmus ta taɓa na kusa da shi, wasu suka tarar kwafin nasu ma a nan yake, ya ƙone tare da asalin. Daga irin wannan ne ƙa'idar nan da mai ɗaukar hoto Peter Krogh ya yaɗa ta samo karɓuwa: kwafi uku, a kan nau'in ma'ajiya biyu, ɗaya a wani wuri na daban.

Ƙa'ida ce mai kyau, amma ina da ƙorafi a kan yadda ake yawan maimaita ta kamar layar tsari. Ƙidaya ce ta kwafi, ba ta ce komai a kan ko kwafin zai buɗe ba. GitLab suna da biyar. Manomin da ya gina rumbu uku ya liƙe bakinsu tun kaka, bai sake leƙawa ba sai da bazara ta yi tsanani, yana iya tarar da gara da ƙwari sun riga shi a duka ukun. Abin da kawai yake tabbatar da kwafi shi ne a maido da shi, a kan wata na'ura dabam, a buɗe abin da ke ciki a gani da ido, a kuma riƙe agogo yayin da ake yi.

Agogon yana da muhimmanci fiye da yadda ake zato. Masana wannan fanni suna auna abu biyu, kuma dukansu tambayoyi ne na mai harka, ba na injiniya ba. Aikin awa nawa za ka iya rasawa ba tare da ka durƙushe ba? Kuma awa nawa za ka iya zama a tsaye kafin komai ya dawo? Ga GitLab amsar da gaskiya ta ba su ita ce shida da 18, ba kuma su suka zaɓa ba, a ranar suka gano. Asibitin da ke riƙe da bayanan majinyata, ko bankin da ke biyan albashi, ko gidan rediyon da ke da taskar muryoyi ta shekara arba'in, kowannensu amsarsa daban. A wurinmu kuma akwai ƙarin lissafi da littattafan ƙetare ba su cika damuwa da shi ba: kwafin da ke ma'ajiyar intanet sai an sauko da shi, kuma sauko da terabait guda a kan layin da ke tafiya yana tsayawa, da janareta mai jiran mai, aiki ne na kwanaki. Akwai kuma mabuɗi. Kwafin da aka kulle da kalmar sirri, kalmar kuma tana cikin kwamfutar da ta mutu ko a kan ma'aikacin da ya bar aiki bara, daidai yake da babu. Duk waɗannan ba a ganinsu a allon rahoto. Sai an gwada suke fitowa, kuma Hausawa sun riga sun faɗa, ba a fafe gora ranar tafiya.

Mai karatu zai iya cewa shi ba kamfani ba ne. To, ɗauki wayarka ka shiga saitin WhatsApp, wurin ajiyar hira, ka duba kwanan watan kwafi na ƙarshe. Tun daga 2024, a wayoyin Android, wannan kwafi yana cin wuri ne daga cikin gigabait 15 da Google yake bayarwa kyauta, wanda Gmail da hotuna ma suke rabawa da shi. In wurin ya cika, kwafin ya tsaya, wayar kuma ta ci gaba da aiki kamar babu abin da ya faru. Na sa mutum shida a ofishinmu sun duba a gabana. Biyu sun tarar nasu ya tsaya watanni da suka wuce, ɗaya kuma ya kasa tuna kalmar sirrin asusun da kwafin yake ciki. Nawa ne a cikinmu cinikinsu, da rasit ɗinsu, da saƙon muryar iyayensu da suka rasu, duk suna cikin wannan manhaja guda?

Yanzu a ranar Asabar ta farkon kowane wata nakan zauna da takarda da biro, ba da kwamfuta ba, in rubuta duk abin da na yi aiki a kansa a watan da ya wuce da inda yake zaune. Sannan in ɗauki faifan ko-ta-kwana in kai shi kwamfutar ƙanena, in nemo abubuwa uku daga cikin takardar, ɗaya sabo, ɗaya tsoho, ɗaya mai nauyi, in buɗe su. Fayil ɗin murya sai na saurari farkonsa da ƙarshensa. Faifai na biyu yana gidan yayata a wata unguwa, muna musanya su duk wata. Aikin bai fi minti arba'in ba, kuma ba zan ɓoye ba, yana da gundura. Sau da yawa ba na samun komai. A wata na biyar ne na tarar hotunan wani rahoto suna cikin waya kaɗai, ba su taɓa shiga kwamfuta ba.

Daga hirarraki taran nan, biyu sun dawo. Na taɓa tura su ga editana ta WhatsApp domin ya ji ko labarin ya isa a ba shi shafi, shi kuma Allah ya sa ba mai goge saƙo ba ne. Sauran bakwai sai abin da na rubuta a littafin aljihu, rabin jimla a nan, sunan tasha a can, da wani wuri da na rubuta "ya yi dariya" ban rubuta abin da ya ba shi dariyar ba. Na kai wa iyalinsa biyun da suka tsira a kan katin waya. Babbar 'yarsa ta sa aka kunna a tsakar gida, jikoki suka kewaye, aka ji shi yana gyaran murya yana cewa in matso da abin kusa. Da aka gama ta share ido da gefen mayafi ta ce, "Malam, sauran fa? Ya ce mana kun daɗe kuna yi."